Kafin ka raɗa wa furenka suna

Matasa sun shigo harkar furanni sosai a 'yan shekarun nan, musamman masu renon tsirrai a bakin titi a Jos da Kaduna da Abuja. Kusan duk wanda ya ɗan jima a ciki sai ya zo mini da hoto a waya: "Baba, duba wannan, ban taɓa ganin irinsa a wurin kowa ba, sabon iri na samu." Nakan duba in yaba, don sau da yawa furen ya cancanci yabo. Sannan in tambaya: wace ce uwarsa, wane ne ubansa, ka taɓa raba gindinsa, ya kuma ga damina? A nan hirar takan mutu.

Ba na yi musu dariya, don ni ma ta nan na biyo. Da furen Gerbera na fara, ɗaya daga dangin dezi, mai faffaɗar fuska da doguwar kara, wanda masu ƙawata wurin biki ke rububinsa. Na tara iri daga wasu tsirrai da na saya, na shuka, sai guda ɗaya ya fito ruwan goro mai baƙin ido, gefen kunnuwansa kamar an shafa masa zinare. Ban yi wata-wata ba na raɗa masa sunan mahaifiyata. Na tattara irinsa na shuka da yawa, na sayar da dashen tun bai yi fure ba, ina bugun ƙirji da sunan. Da lokaci ya yi, wani ya fito ruwan ɗorawa, wani ruwan hoda, wani kuma koɗaɗɗe mai siraran kunnuwa da ko kyauta ba za a karɓa ba. Wata Hajiya mai kwalliyar biki ta zo har lambu da tukwane biyu a bayan mota, ta ce, "Malam, ruwan goro muka yi da kai, me ya kawo ruwan ƙwai?" Na mayar mata da kuɗinta, sunan mahaifiyata kuwa ya shiga bakin 'yan kasuwa a matsayin furen da ba shi da alƙawari.

Abin da ya faru kowane mai lambu ya san shi a wurin mangwaro. Ka sha ɗan aure mai zaƙi ka binne ƙwallonsa, abin da zai fito ba lalle ya yi kama da wanda ka sha ba. Gerbera da ake sayarwa a yau haɗe-haɗe ne na zuriya bayan zuriya. Asalinsa daga Afirka ta Kudu ne, inda wani mutumin Sikotilan, Robert Jameson, ya tsinci na dawa a kusa da garin Barberton a 1884. Wajen ƙarshen wannan ƙarni Richard Irwin Lynch, mai kula da lambun tsirrai na jami'ar Kambirij a Ingila, ya haɗa shi da wani ɗan'uwansa na dawa, daga nan aka yi ta haɗawa har yau. Saboda haka kowane ƙwayar iri yana ɗauke da gadon kakanni barkatai, kuma kowanne da rabon da ya ɗebo. Tun 1866 masanin kimiyya Gregor Mendel ya nuna da waken turawa cewa halin da ya ɓuya a 'ya'ya yakan sake bayyana a jikoki. Ni a lambuna na karanta wannan darasi, da kuɗina.

To, ƙannena, idan ka ga fure ɗaya da ya yi fice, abin da ke hannunka tsiro ɗaya ne tak. Hanyar da za ka mayar da shi iri ita ce ta jikinsa. Gerbera yakan yi 'ya'ya a gindi. Idan ya yi ƙarfi sai ka tone shi, ka raba da wuƙa mai tsabta, kowane kashi da saiwarsa da idon tsirowarsa. Abin yana da jinkiri, don gindi ɗaya 'yan kaɗan yake bayarwa, shi ya sa manyan kamfanonin Holan tun shekarun 1970 suka koma yaɗa shi a ɗakin gwaji, cikin kwalabe, daga ɗan ƙaramin yanki. Kai da ba ka da ɗakin gwaji, haƙuri ne jarinka. Kuma wajen dasawa kada ka binne wuyan tsiron. Ka bar shi ya ɗan ɗago sama da ƙasa. Na yi asarar rabin 'ya'yan wani gindi mai kyau saboda na tura musu ƙasa har wuya, ina ganin gata nake yi musu, damina na sauka wuyan ya ruɓe, ganyen ya kwanta kamar an zuba masa ruwan zafi.

Yanzu batun barbara, wanda a nan ne aikin yake da daɗi. Ka ɗauki furen ka kawo shi kusa da ido. Abin da muke kira fure ɗaya taron ƙananan furanni ne masu yawa a kan faifai guda. Na gefe, masu dogayen kunnuwa masu launi, mata ne, kuma su ke fara nuna: za ka ga wani ɗan siririn zare ya leƙo daga kowanne, bakinsa a rabe biyu. Na tsakiya, wato idon, su ke fitar da bununi, kuma sai daga baya suke buɗewa, zobe bayan zobe daga waje zuwa ciki. Wannan tazarar ita ce damarka. Da safe bayan raɓa ta bushe, ka sa ɗan burushi mai laushi ka ɗebo bununi daga furen da ka zaɓa ya zama uba, wanda ya riga ya manyanta, ka shafa a kan zaren matashin furen da zai zama uwa. Ka maimaita washegari. Sannan ka rufe kan da jakar takarda ko ƙyalle mai shara-shara, in ba haka ba zuma za ta zo ta yi nata auren ba da saninka ba. Kada ka sa leda. Gumi zai taru a ciki ya dafa furen. Bayan kamar wata guda kan zai yi buzu-buzu da farin gashi, iri ya nuna ke nan. Ka shuka shi da wuri, don irin Gerbera ba ya jure ajiya, balle a zafinmu. Tsininsa ƙasa, gashinsa yana leƙowa sama, kada ka rufe shi da ƙasa mai yawa.

Duk wannan aikin banza ne idan ba ka rubuta ba. Na daɗe ina dogara da kaina, ina cewa ai na san tukwanena kamar yadda na san 'ya'yana. Da na fara rubutawa ma, da alƙalamin maka na rubuta a kan roba, rana ta cinye rubutun kafin furen ya buɗe. Akwai wani ja mai duhu da ya taɓa fito mini, wanda har yau ban sake ganin kamarsa ba, kuma ba zan iya sake haɗa iyayensa ba don ban san su ba. Fensir ya fi alƙalamin maka jure rana. Wanda ya fi duka shi ne ka yanka gwangwanin lemo, ka danna lamba a jikinsa da tsinin ƙusa, ka ɗaura a wuyan furen. A littafi kuma ka sa lambar, da uwa, da uba, da ranar. Uwa ake fara rubutawa, haka al'adar masu wannan aiki take a ko'ina.

Wannan cuta ta ƙin rubutu har manya ta kama. Luther Burbank, Ba'amurken da ya rayu daga 1849 zuwa 1926 ya kuma fito da ire-iren tsirrai sama da 800, ya yi suna wajen riƙe abubuwa a ka. Cibiyar Carnegie ta tura masanin gadon halitta George Shull zuwa lambunsa a Santa Rosa da ke Kalifoniya don ya tattara bayanin yadda yake aiki, ya sha wahala ƙwarai saboda ƙarancin abin da aka rubuta. Burbank yana da idon da ya rufa masa asiri. Ni da kai ba mu da tabbacin muna da shi.

Amma akwai abin da nake so ku ɗauka a wurinsa, kuma labarin furen dezi na Shasta ne ya fi nuna shi. A 1884 ya fara, da wani farin dezi na dawa da manoman yankin da ya taso suke ɗauka ciyawa ce. Yana son fure babba, fari fat, mai santsin kara, mai yawan fure. Ya haɗa shi da wani na Turai mai girman fuska. Bai gamsu ba, ya kawo na Fotigal. Girma ya samu, amma farin bai kai yadda yake so ba, sai ya shigo da wani ɗan Japan mai tsananin fari. Sai a 1901 ya fitar da shi kasuwa, da sunan dutsen Shasta mai ƙanƙara a ka. Shekara 17 ke nan a kan fure ɗaya. A tsawon wannan lokaci abin da ya fi yi shi ne zubarwa. An san shi da tara dubban tsirran da ba su yi masa ba ya cinna musu wuta.

A nan ne na fi rauni, kuma na lura yawancinku haka kuke. Tsiron da ka shuka da hannunka, ka yi masa ban-ruwa wata huɗu ko biyar kafin ya nuna fuska, tuge shi sai an daure. Na riƙa cewa bari in ba wannan dama, wancan ma ai ba laifi. Lambu ya cika da 'yan ba-laifi, taki da ruwa suna tafiya a kansu, na ƙwarai guda biyu ko uku suna matse a lungu, cutar farin gari tana bin ganye saboda iska ba ta ratsawa. Tun kafin ka yi barbara ka rubuta abin da kake nema, abu biyu ko uku, kada su wuce haka. Wanda bai cika su ba ka sayar da shi a matsayin gama-gari, ba suna, ko ka bai wa makarantar unguwa. Kada dai ya kwana a layin zaɓaɓɓu.

Kuma fuska ba ita kaɗai ake dubawa ba, ko da yake ita ke ruɗin mai waya. Mai saye kara yake saye tare da furen. Na taɓa riƙe wani mai cikar kunnuwa, ninki a kan ninki, ina ji da shi, ashe kansa ya fi ƙarfin wuyansa. Kwana biyu a cikin ruwa sai ya sunkuya. Gwajin ba shi da wuya. Ka bari zobe biyu na idon su fitar da bununi, ka kama karar ta ƙasa ka murɗa ta gefe ta ɓalle daga gindi, ka datse ƙasanta kaɗan, ka tsoma a kwalba mai tsabta da ruwa ɗan kaɗan, ka ajiye a ɗaki tare da wani irin da aka sani a kasuwa. Kullum ka duba wanda ya riga sunkuyawa. Ka ƙirga furen da gindi ɗaya yake bayarwa. Ka lura ko launin yana koɗewa a rana. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, to fure ma kada ka yabe shi da hunturu kaɗai. Sanyin Disamba kowane Gerbera gwani ne. Ka bari ya haye zafin Maris da Afrilu, ya kuma sha ruwan Agusta.

Wuri ma yana da nasa hukuncin. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa Gerbera yake sakewa a can. Wanda ya yi kyau a Jos ka kai shi Kano ko Maraɗi, inda zafin bazara yakan haura digiri 40, sai ka ga fure ya ƙanƙance, kara ta gajarce. Da na karanta labarin Burbank na ɗauki zumuɗi na sayo irin Shasta. Ya tsiro, ya yi ganye kore shar, na yi ta jira. Yawancin ire-irensa sai sun sha sanyi na makonni, irin na ƙasashen ƙanƙara, kafin su yi fure sosai, ni kuwa ganye na yi ta ban-ruwa. Idan da zan koma farko, ba launi zan bi ba. Zan nemi wanda yake jure zafi, don Turawan Holan sun gama da launi, amma ba su da dalilin yi mana wahalar Afrilu. Wannan gurbin a buɗe yake, kuma ku da kuke zaune cikin zafin kuka fi kowa damar cike shi. Ka ba abokai biyu ko uku a garuruwa daban 'ya'yan gindin su gwada, da sharaɗin ba za su yaɗa ba, ka ji abin da za su ce.

Batun doka a taƙaice. Amurka ta kafa dokar mallakar sabon tsiro a 1930, shekara huɗu bayan rasuwar Burbank, kuma sharaɗinta shi ne an yaɗa tsiron ta jikinsa an ga ya tsaya a kan kamanninsa. Yarjejeniyar UPOV ta 1961, ta ƙasa da ƙasa kan kare haƙƙin masu fito da sabon irin tsiro, ta tsayar da ma'auni: irin ya bambanta da waɗanda aka sani, 'ya'yansa su zama bai ɗaya, kuma kada ya sauya bayan an yi ta yaɗa shi. Nijeriya ta samu tata dokar a 2021, a ƙarƙashin hukumar kula da irin shuka ta ƙasa, Gana a 2020, su kuwa Nijar da Kamaru da Chadi ta OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, suke bi. Akwai sharaɗi na huɗu da ya kamata ku riƙe: dole irin ya zama sabo a kasuwa. Idan ka daɗe kana sayar da shi kafin ka nemi rajista, ka rufe wa kanka ƙofa. Dokar kuma kaifi biyu gare ta, don yawancin Gerbera masu suna da ake shigowa da su suna da masu su, kuma raba gindinsu don sayarwa ba tare da izini ba shiga haƙƙi ne a inda aka yi musu rajista.

Wajen bayyana launi a takarda, "ruwan goro" ba ya wadatarwa, don goron ma kala-kala ne. Masu rajista da katin launuka na ƙungiyar masu lambu ta Ingila, RHS, suke aiki, kowane launi da lambarsa, kuma a hasken rana ake gwadawa, a inuwa, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Katin yana da tsada. Kafin ka kai ga sayensa, ka riƙa ɗaukar hoton furen a kan farar takarda, da ma'aunin santimita a gefensa, a lokaci ɗaya na safiya, ka rubuta lambarsa da kwanan wata a jikin takardar.