Bikin da Mu Ma Muka Ci

Tun kafin mu tsayar da rana, ni da mijina mun daidaita a kan abu guda: muna so mu ci bikinmu kamar yadda baƙinmu za su ci shi. Mun sha zuwa liyafar aure inda ake ɗora ango da amarya can saman dandamali, nesa da kowa, suna ta murmushi ga kyamara har muƙamuƙi ya gaji, a watse ba su yi hirar kirki da ko mutum ɗaya ba. Mu kuwa yammaci guda muke so a cikin birnin da muke zaune, tare da mutanen da suka san mu, a ci, a sha, a yi rawa, a yi dariya. Shirin ya koya mini cewa irin wannan sakewa ana gina ta ne tun watanni kafin ranar, kuma yawancin aikin ragewa ne.

Daga jerin baƙi muka fara, domin shi ke yanke girman wuri da yawan abinci da kuɗin da za a kashe, har da irin hirar da za a yi. Wani masani ɗan Birtaniya, Robin Dunbar, ya yi bayani a farkon shekarun 1990 cewa zumunci na gaske da mutum ke iya riƙewa ba ya wuce na mutane kimanin 150, daga baya kuma ya nuna cewa su ma hawa-hawa ne: kusan 5 na jiki, sai 15, sai 50. Da muka zauna da takarda da biro na ga hakan da idona. Sunayen farko sun yi ta zubowa ba tare da tunani ba. Can gaba sai hannu ya fara nauyi, aka shiga sahun "kar a ce ba mu gayyace shi ba". Ma'aunin da muka ɗauka shi ne, duk wanda zan iya kai mijina gabansa in faɗi sunansa in kuma ba da labari ɗaya a kansa, ya shiga. Shi ma haka ya yi da nasa mutanen.

A nan aka kai ruwa rana. Umma ta zo da tata takardar, cike gaba da baya. Ta ce, "Yanzu ke 'yar nan, sai a aurar da ke waɗannan duka su ji a bakin duniya?" Na ce, "Umma, da bakinki za ki gaya musu. Kujerun ne kawai ba za su ɗauke mu gaba ɗaya ba." Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Mutanen nan sun tsaya mata shekara da shekaru, auren 'yarta kuma ranarta ce ita ma. Abin da ya raba gardama shi ne mun ware wa kowane gida adadin kujerunsa, su zaɓi mutanensu ba tare da mun sa baki ba, sannan aka tsayar da wata rana daban a gida, ƙofa a buɗe ga duk mai son zuwa taya murna. Baƙin liyafar ba su kai ɗari ba.

Wurin da muka ɗauka gidan cin abinci ne a tsakiyar gari, mai zaure ɗaya da 'yar farfajiya a ciki. Amfanin irin wannan wuri shi ne ya riga ya mallaki abubuwan da ke cinye kuɗi da kwanciyar hankali idan an kama fili babu komai: ɗakin girki, kujeru, kwanuka, banɗaki, da ma'aikatan da suka saba da juna. Birni kuma yana ba baƙo 'yancin kansa. Mai ƙaramin yaro zai iya tafiya da wuri, wanda ya zo daga nesa zai samu masauki a kusa, babu wanda sai ya jira motar haya ta cika kafin ya koma gida. Sai dai birni yana da nasa sharuɗɗan, kuma gara a tambaye su kafin a biya kafin alƙalami. Ƙarfe nawa dole a kashe kiɗa saboda maƙwabta? Ina baƙi za su ajiye mota? Akwai matakala da tsoho ba zai iya hawa ba? Idan wuta ta ɗauke ko ruwan sama ya sauko, me aka tanada? Mun sa an rubuta amsoshin a cikin yarjejeniya. Mun kuma je mun ga wurin a irin ranar mako da irin sa'ar da za a yi bikin, saboda titin da ke fayau da hantsi kan cushe da yamma.

An nuna mana wani zaure da ya ninka wannan girma, na ƙi. Mutum tamanin a zauren ɗari uku, kowa sai ya ji kamar an fasa taron. Idan wuri ya ɗan matse, kafaɗa na gogar kafaɗa, dole a ce "sannu, gafara", daga nan hira ke tashi. Haka ma filin rawa. Masu sana'ar shirya taro kan lissafa cewa ba kowa ke rawa a lokaci guda ba, kashi ɗaya cikin uku ne zuwa rabi, kuma kusan rabin murabba'in mita ya ishi mutum ɗaya. Ƙaramin fili yana saurin cika, cikarsa kuma ita ke ba mai kunya ƙarfin gwiwar tasowa.

Abin da na fi ba lokaci, wanda kuma ban cika jin ana maganarsa ba, shi ne sauti. Zauren namu daɓen tayil ne da bango tsirara da manyan tagogin gilashi. Da na tafa hannu a tsakiyarsa sai na ji tafin ya dawo mini. Tun 1911 wani likitan kunne ɗan Faransa, Etienne Lombard, ya bayyana cewa mutum yana ɗaga murya ba da saninsa ba idan hayaniya ta kewaye shi. To a zaure mai amsa-kuwwa, kowa na ɗaga murya don ya rinjayi na kusa da shi, hayaniyar ta yi ta haihuwar kanta, kafin a gama cin abinci an daina hira an koma ihu. Maganinsa yadi ne. Muka shimfiɗa ƙyalle mai kauri a kan kowane tebur, aka rataya labule a tagogi, aka shimfiɗa darduma a ɓangaren zama. Da na sake tafawa, tafin ya tsaya a inda na yi shi.

Da mai sa kiɗa kuma mun yi magana da lambobi. Hirar yau da kullum tana kusan desibel 60 a ma'aunin ƙarfin sauti. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2022 don wuraren shaƙatawa, ta ce matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100 a cikin kowane minti 15. Na ce masa, "Malam, lokacin cin abinci ina so Kawu ya ji abin da na kusa da shi ke faɗa ba sai ya karkata kunne ba. In an tashi rawa, filin naka ne." Ya juya lasifikokin suna kallon filin rawa maimakon tebura, ya bar farfajiya babu lasifika ko ɗaya. Farfajiyar nan ta zama mafakar dattawa da masu goyo da duk wanda ya gaji, shi ya sa ba wanda ƙara ta kora gida.

Fitila ma mun taɓa ta. A jikin kwalin ƙwan lantarki akwai lamba: mai 6500K fari ne fat irin na ofis, mai 2700K kuwa ruwan ɗorawa ne mai taushi. Muka roƙi a kashe fararen na sama, aka jera masu taushin ƙasa-ƙasa a kan tebura da jikin bango. Fuskoki suka yi kyau, mutane suka saki jiki.

Dandamalin ango da amarya kam ba mu yi ba. Dogayen tebura muka haɗa, mu biyu muka zauna a tsakiyar ɗaya daga ciki. Teburi mai zagaye da ke ɗaukar mutum takwas faɗinsa mita ɗaya da rabi ne, ga fure a tsakiya, don haka da na dama da na hagu kawai ake iya magana. A dogon teburi na gabanka yana kusa, sai dai a ba kowa kamar santimita 60 don gwiwar hannu ta samu wuri. Mun rubuta sunan kowa a mazauninsa, kuma na yi imani wannan alheri ne ga baƙo, domin babu abin da ke sanyaya jiki kamar shiga taro kana rarraba ido kana neman inda za ka raɓa. Kowa mun ajiye shi kusa da wanda ya sani, gabansa kuma wanda muke ganin za su shaƙu. An kawo abinci a manyan farantai ana miƙa wa juna, kuma an kawo shi da wuri, don mai jin yunwa ba ya rawa. Masu girkin sun riƙa fito da shi kaɗan-kaɗan, saboda dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye a fili ba, sai in an riƙe zafinsa sama da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas.

Jawabi mutum uku suka yi, kowa minti uku, kuma mun gaya musu tun da wuri. Hotunanmu na mu biyu mun ɗauka kafin baƙi su cika, a sa'ar da ke gaban faɗuwar rana lokacin da haske ke laushi, a kan titin da ke bayan wurin, motoci na wucewa a bayanmu. Ina son hotunan nan fiye da duk wani bango da aka ƙawata, domin garin da muka haɗu a cikinsa ya fito a ciki. Bayan haka mai hoto ya bi mutane yana ɗaukarsu a yadda suke, ba a tsayar da kowa a layi ba.

A katin gayyata mun roƙi kowane baƙo ya turo sunan waƙa ɗaya da in ya ji ta ba zai iya zama ba. Wannan ya yi aikin da ban taɓa ganin wani ado ya yi ba. Ana cikin rawar matasa sai ga wata tsohuwar waƙa ta shigo, gwaggon mijina ta ajiye cokali, ta gyara mayafi, ta kamo hannun Umma ta ja ta tsakiyar fili. Matan nan biyu ranar suka fara zama teburi ɗaya. Filin ya buɗe musu, aka kewaye su da tafi, kuma daga lokacin bai sake zama fayau ba har aka tashi.

Wayata kuwa tun safe na damƙa wa Yaya, tare da takarda guda mai ɗauke da lokutan komai, da lambobin masu kawo kaya, da ambulan na cikon kuɗin kowa. Ta ce, "Ke dai je ki yi aurenki, in sama ta faɗo ni zan tare." Sai washegari na ji cewa motar furanni ta maƙale a cunkoso, ta iso bayan baƙin farko sun zauna, Yaya da ƙannen mijina suka shigo da su ta ƙofar baya suka jera a natse. Da wayar na hannuna, da wannan sa'ar ta tafi a kiran direba. Duk wanda za a ba wannan aiki ya zama mai sanyin rai, kuma a ba shi ikon yanke hukunci ba tare da ya zo ya tambaya ba, har da ɗan kuɗin ko-ta-kwana a hannunsa. Mu kashi 10 cikin 100 na kasafinmu muka ware don haka, kuma an taɓa shi.

Mun sanar da waƙar ƙarshe tun filin na cike, kusan rabin awa kafin lokacin da aka gindaya mana, don a samu sararin sallama a tsanake kuma kada ma'aikata su fara tattara kujeru a kan baƙi. Ƙanina ya tsaya a bakin ƙofa yana haɗa waɗanda hanyarsu ɗaya, yana kira wa dattawa mota. Kayan ado da kyaututtuka kuma mun riga mun shirya da masu wurin cewa za su kulle su a wani ɗaki, a zo a kwashe da safe, don haka babu wani ɗan'uwa da ya ƙare daren yana ɗaukar kwali.