Godiya ga Duk Waɗanda Suka Halarci Zamanmu Kan Ciwon Waswasi da Fargaba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, zaman wayar da kai da muka shirya albarkacin Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya, 10 ga Oktoba, ya kammala lafiya. A madadin ma'aikatan lafiya da malaman da suka haɗa hannu wajen shirya shi, muna miƙa godiya ga kowa da kowa.

Godiyarmu ta farko ga masu fama da ciwon ne. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne mutum ya miƙe a gaban jama'a ya ce alwala kaɗai tana cinye masa awa guda, ko ya ce sai ya koma duba kwaɗon shago sau goma kafin ya iya kama hanyar gida, ko ya ce munanan kalamai game da Ubangiji suna faɗo masa a rai har ya ɗauka ya fita daga addini. Mun ɗauki alkawarin sirranta sunayenku, kuma yana nan. Ciwon da likitoci ke rubutawa OCD a katinku yana kama kusan mutum 2 cikin 100 a tsawon rayuwa, galibi yana farawa ne daga balaga zuwa farkon shekarun ashirin. Ba hauka ba ne, kuma ba raunin imani ba ne.

Abin da muka fi so kowa ya riƙe daga zaman shi ne yadda ciwon yake ciyar da kansa. Tunani mai ban tsoro ya faɗo ba da son mutum ba, gabansa ya faɗi, sai ya yi wani abu don ya sami natsuwa: ya sake wanki, ya sake dubawa, ya sake tambaya. Natsuwar takan zo, amma ta 'yan mintoci ce, kuma daga nan ƙwaƙwalwa ta koyi cewa maimaitawar ce ta tsare shi. Gobe sai ta nemi ninki. Kamar susar ƙazwa ne, da daɗi a lokacin, amma ciwon faɗaɗa yake yi. Idan abin ya kai yana cin fiye da awa ɗaya a yini, ko yana hana aiki, karatu ko zaman aure, lokacin ganin likita ya yi.

Muna godiya ga malamanmu da limamai, Allah ya ƙara musu lafiya. Sun tunatar da mu cewa shari'a ta riga ta yi wa mai waswasi sauƙi. Sun kawo hadisin Bukhari da Muslim kan mai kokwanton karyewar alwala yana cikin salla, cewa kada ya juya sai ya ji sauti ko ya ji wari. Sun kawo abin da Risala ta ce kan wanda kokwanto ya aure shi, wato ya yawaita masa a salla: ya yi watsi da shi, babu gyara a kansa, ya yi sujadar ba'adi kawai. Sun kuma kawo hadisin Muslim inda sahabbai suka koka da abin da ke zo musu a rai wanda suke jin nauyin furtawa, Manzon Allah (SAW) ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Roƙonmu ga sauran malamai ɗaya ne. Idan mutum ya dawo da tambaya iri ɗaya karo na biyar, a amsa masa sau ɗaya a tsaya, a haɗa shi da asibiti, domin yawon neman fatawa daga wannan malami zuwa wancan shi ma yakan zama ɓangaren ciwon.

Iyaye, mazaje da matan aure da suka zo, mun gode, kuma mun san maganar da aka yi muku tana da nauyi. Uwar da ke amsa "hannunka a wanke yake" sau ashirin a yini, ko mijin da ke sake wanke tabarma don matarsa ta sami barci, tausayi ne ya sa su, amma taimakon yana ƙara wa ciwon ƙarfi. Kada kuma a yanke rana ɗaya, ko a koma faɗa da gori. A zauna lokacin da hankali ke kwance a yi yarjejeniya: wannan makon za a amsa sau uku a yini, mako mai zuwa sau biyu. In ya sake tambaya, a ce masa, "Na ga kana cikin wahala, ina tare da kai, amma mun yi alkawari ba zan sake amsa wannan ba."

Likitocin da suka yi bayanin magani sun cancanci yabo na musamman. Hanyar da ta fi tasiri ita ce fuskantar abin tsoron tare da ƙin yin maimaicin. Mutum ya rubuta abubuwan da ke tayar masa da hankali, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 10, ya fara da mai maki 3 ko 4. Misali ya kulle ƙofa sau ɗaya ya tafi, ya bar fargabar ta hau ta sauka da kanta. Ya yi haka kullum har makin ya ragu, sannan ya hau na gaba. Inda ake samun matsala shi ne a fara da mafi wuya a karaya, ko a daina wanke hannu a koma ƙirga da maimaita kalmomi a zuci don goge tunanin, wanda shi ma maimaici ne.

Magunguna irin su fulokzetin da satralin suna taimakawa, sai dai a wannan ciwon sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninsu, kuma sau da yawa likita kan ɗaga adadin. Da yawa suna watsarwa a mako na uku su ce bai karɓe su ba. Bayan an sami sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla shekara guda, kuma ba a dainawa kwatsam. Baliyam da ake saya a kemis ba ya maganin waswasi, sabo kawai yake jawowa.

Masu fargabar da ke zuwa farat ɗaya da bugun zuciya da toshewar numfashi, ku tuna takan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 ta fara sauka. A ja numfashi a hankali, a tsawaita fitar da shi. A rage goro, kofi da lemukan ƙara kuzari. A kuma bari likita ya duba zuciya da maƙoƙo, don wasu cututtukan jiki suna kwaikwayon fargaba.

Mai jegon da tunanin cutar da jaririnta ke faɗo mata, tana tsoronsa tana ƙyamarsa, ta faɗa wa likita ba tare da kunya ba, abu ne sananne kuma yana da magani. Amma wanda ya fara jin muryoyi, ko yake tunanin kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da kuma Maiduguri, ban da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa.

Matasan da suka jera kujeru, matan da suka kula da ɓangaren mata, da waɗanda suka ba da wuri da ruwan sha kyauta, Allah ya saka muku da alheri. Marasa lafiyarmu kuma, Allah ya ba ku sauƙi, amin.