Rigar jaririn Ɗa'ifa ta wuce hammata

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu koyon saƙa. Rigar jaririn da na ɗora ta sauko daga wuya har ta wuce hammata. Na ware hannuwan rigar biyu, na zura idanunsu, wato madaukan zaren da ke kan kibiyar saƙa, a wani zare daban na ɗaure, yanzu jikin nake bi layi bayan layi. Tun da wasu cikinku na shirin ɗora tasu a wannan watan, bari in faɗa muku yadda aka yi ta kai nan.

Ɗiyar Yayata ce ke da ciki, na fari. A Ɗa'ifa take aure, amma ta dawo gida Makka goyon ciki kamar yadda aka saba. In Allah Ya sauke ta lafiya, a gida za ta yi wanka, sai bayan arba'in ta koma ɗakinta, lokacin kuwa zai faɗa cikin Janairu. Sanyinmu na Makka bai taka kara ya karya ba, kun sani. Ɗa'ifa daban ce. A kan duwatsu take, tsayinta ya kai mita 1,800 daga bakin teku, kuma da dare a wannan lokacin sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10. Duk wadda ta taɓa hawa hanyar Hada, mai hawa dutse daga Makka zuwa Ɗa'ifa, cikin hazo ta san abin da nake nufi. Saboda haka ban yi awon ɗan kwana bakwai ba, na yi na ɗan wata biyu, domin a ranar hawa dutsen ne rigar za ta fara aiki.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta zare. Yawancinmu daga bidiyon matan Turkiyya da Turai muke kwaikwayo, su kuwa don ƙanƙara suke saƙarsu. Sai mace ta ga kakkaurar riga ta burge ta, ta je ta kwaso zaren roba mai kauri, ta kwana tana saƙa, a sa wa jariri a garin da zafinsa ke wuce digiri 40 da rani. Zaren roba daga man fetur ake yin sa, ba ya shan gumi, a jiki yake riƙe shi. Ba a daɗewa sai ki ga wuyan yaro da bayansa sun feso da ƙuraje, uwa ta cire rigar ta jefa ƙasan akwati, ba za ta faɗa miki ba don kunya. Ina jin ciwon wannan, domin wahalar hannun ta tafi a banza, yaron kuma ya sha wuya. Kafin ki biya kuɗin zare, tambayi kanki a wane gari za a sa, a wane wata, a ɗaki mai esi ko a tsakar gida.

Ulun tumaki na gaske ya fi kowane ɗumi, amma ban ɗauke shi ba saboda wanki. Ruwan zafi da cuɗa ne ke sa shi ya ƙanƙance ya dunƙule, ba ya kuma dawowa. Mu kuwa da tankunanmu ke saman soro, da rana ruwan famfo da zafinsa yake zubowa. Mai jego ba ta da lokacin tara ruwa ya huce don riga ɗaya. Sai na ɗauki Alize Cotton Gold, wanda kashi 55 nasa auduga ne, 45 roba, kowace dunƙule giram 100 ce mai tsawon mita 330. A Jidda na saya, wajen Balad, dunƙule biyu masu launin ƙasa-ƙasa. Ku riƙa duba lambar rini da ke jikin takardar, ta zama iri ɗaya a duka. A shago ba za ki ga bambanci ba, sai kin fito hasken rana da rigar a hannu.

Da kibiya mai kaurin milimita 3.5 nake yi. Na fara saƙa ɗan ƙyalle na gwaji, na wanke shi, ya bushe, sannan na ɗora ma'auni: ido 24 ne a santimita 10. Daga nan lissafin ya fito. Na ɗora ido 58 a wuya, 10 ga kowane ɓari na gaban rigar, 8 ga kowane hannu, 18 ga baya, sai ido ɗai-ɗai guda huɗu a mahaɗa, wato inda hannu ke haɗuwa da jiki. A duk layin gaba, wato lokacin da fuskar rigar ke kallona, ina ƙara ido ɗaya a kowane gefen mahaɗa, wato 8 ke nan, layin baya kuma in wuce ba ƙari. Da aka yi ƙari 15 idanun sun zama 178. Kowane hannu ya tashi da 38, jiki ya rage 102, na ɗora 3 a ƙarƙashin kowace hammata suka zama 108, kusan santimita 45 a ƙirji. Kada ki kwafi waɗannan lambobin ido rufe. In gwajinki ya ba ki 22, rigarki za ta fi tawa faɗi da kusan santimita 4, a jikin jariri kuwa wannan ba kaɗan ba ne.

Auduga ba ta da talewa irin ta ulu, shi ya sa ba ta ɓoye wa mai saƙa asiri. Inda kika ja da ƙarfi zai fito a matse, inda kika sake zai fito a buɗe, kuma haka zai zauna. Hannu ma ta fi gajiyar da shi. Duk lokacin da na ji yatsuna sun fara ƙanƙame zaren, Kakarmu nake tunawa, Allah Ya jiƙan ta.

A Mai Wurno aka haife ta, garin nan na bakin kogin Nilu kusa da Sinnar a Sudan, wanda Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Tana yarinya ta ciri auduga a gonakin Jazira, waɗanda ke shan ruwa daga madatsar Sinnar da aka gama a 1925. Da irin wannan ƙwadagon iyayenta suka tara kuɗin jirgin ruwa, suka tsallako daga Sawakin zuwa Jidda, suka yi aikin Hajji suka zauna. Ba ta taɓa riƙe kibiyar saƙa ba. Kaɗi ta iya. Har ta tsufa a gidanmu na wajen Shara Mansur, mazarinta da ɗan allinta na cikin taskira a ƙarƙashin gado. In an kawo mata tsarabar auduga ta gurje ta fitar da gurya, ta shiɓe, ta zauna bayan La'asar ta miƙe ƙafa, ta shafa alli a yatsu ta murza mazari. Mu jikoki muna kewaye da ita muna jiran zaren ya tsinke, ba ya tsinkewa. In na karɓa na ja, sai ta riƙe mini wuyan hannu ta ce, "'Yar nan, sassauta. Ba a yi wa zare dole, binsa ake yi." Abawar da ta kaɗa daga farko har ƙarshe kaurinta ɗaya, ba kumburi ba siranta, alhali hira take da Innarmu ba ta ko kallon hannunta.

Saƙar kibiya kuwa wajen wata maƙwabciyarmu 'yar asalin Bukhara na koya, mai yi wa jikokinta safa. Ita ta nuna mini gaba da baya, amma sassaucin hannun daga Kaka ne. Abin da nake yi yanzu shi ne in naɗa zaren sau ɗaya kawai a ƙaramin yatsa, in bar shi ya bi ta kan manuniya yana zamewa da kansa. In kibiyar ƙarfe na yi miki santsi da auduga, nemi ta gora, ta fi riƙe ido.

Lokacin saƙata bayan sallar Asuba ne, kafin a tashi yara shirin makaranta, sai kuma ranar Juma'a da muke taruwa a gidan Yaya. Ranar nan da an sauke tuwo an ci, an ɗora shayi, nake fito da jakata. Mai cikin ba ta cewa komai a kan rigar, kunyar ɗan fari ba ta bari, sai dai in ta zo ajiye mini kofi ta saci kallo ta wuce. Yaya ce mai magana. Ta juya rigar ta ce, "Ke dai ki bar masa wurin wuya, 'ya'yan gidan nan da kai suke zuwa." Gaskiyarta, shi ya sa na yi ta mai buɗaɗɗen gaba, ba mai zurawa ta ka ba. Autata kuma ta nace sai an ba ta kibiya, na yanka mata ragowar wani zare, tana can tana fama da ido 15, kowane layi sai ta kawo in ƙirga mata.

Saura santimita 14 daga hammata zuwa ƙasa. In na kai bakin, zan koma kibiya mai milimita 3 in riƙa yin ido ɗaya na gaba, ido ɗaya na baya, domin bakin auduga kan baje in ba a matse shi da ƙaramar kibiya ba. Maɓallai uku kawai zan sa daga sama, in ɗinke su da zare ninki biyu yadda ɗan yatsa ba zai cisge ba, kuma ba igiya a wuya ko kaɗan, komai kyanta. Wajen shanya a shimfiɗe ake ajiye ta a kan tawul cikin inuwa, in aka rataye ta da ruwa nauyinta zai ja ta ta yi tsawo. Kada dutsen guga ya taɓa ta, robar da ke ciki narkewa take.

Wadda za ta ɗora tata, ta saƙa ƙyallen gwajinta tun yau ta wanke, ta rubuta yawan idon da ta samu. Ni kuma in na gama jikin, hannuwan ne a gabana, zan riƙa rage ido biyu duk bayan layi shida har su kai wuyan hannu. Ku sa mai cikin a addu'a, Allah Ya raba lafiya.