Mai gyaran esi ma ya kamata ya riƙe lasisi

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, babu wanda wayarsa ke ƙara kamar mai gyaran esi. Kuma a garin nan duk wanda ya sayi geji na auna matsin gas da silindar gas ya ɗaura a bayan babur to shikenan ya zama injiniya, ba mai tambayarsa a ina ya koya, wa ya yaye shi, kawai wani ne zai ba ka lambarsa ya ce wallahi ya iya aiki sai ka buɗe masa ƙofar gidanka har uwar ɗaka.

A Amurka ba haka abin yake ba. Kafin ka taɓa gas ɗin sanyi sai ka ci jarrabawar hukumar kare muhalli ta EPA a ƙarƙashin sashe na 608 na dokar tsaftar iska, sannan jihohi da yawa suna da nasu lasisin daban. A Kalifoniya lasisin C-20 ake cewa, kuma sai ka nuna ƙwarewar shekara 4 kafin ma a bar ka ka zauna jarrabawa. Su lasisin nasu ya haɗa da na'urar ɗumama gida saboda sanyinsu, mu kam hunturunmu bargo ya ishe shi, ɓangaren sanyaya ɗaki ne namu.

Mu ma fa ba wai ba mu da komai ba ne. Akwai tired tes, wato jarrabawar gwajin sana'a, na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mataki na 3 da na 2 da na 1, akwai satifiket ɗin NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, ga ƙungiyar masu sana'ar ta NARAP. Matsalar ba wanda yake neman takardar, mai gida baya tambaya, mai sayar da gas baya tambaya. Wani ma takardar CAC zai manna a shago, alhali ita rajistar sunan kasuwanci ce kawai, ba ta ce ka iya walda ba.

Abin da ya fi damuna shine gas ɗin kansa ya canza amma koyarwar tana nan yadda take. Ogogi da yawa da gas ɗin R22 suka koyi aiki, shi kuma ana kan janye shi a duniya saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987 don yana lalata ozon, rufin iskar sama da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. R410A da ya biyo baya matsinsa ya fi ƙarfi sosai, R32 na sababbin esi yana iya kamawa da wuta, R600a na firji da R290 kuwa dangin gas ɗin girki ne, wuta suke ci sosai. To yaron da ba a taɓa gaya masa wannan ba ya kunna wutar walda a kan bututun da bai zuƙe ba a cikin ɗakin da yara ke kwance, dan Allah me ake jira ya faru? Haka masu gwada yoyo da iskar oksijin don ita ce a kusa maimakon naitirojin, oksijin in ta haɗu da man kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas a cikin esi, fashewa take. Ga masu ɗaura sabon esi ba tare da sun zuƙe iska da fanfon bakyum ba, danshi ya zauna a ciki yana cin kwamfuresa a hankali, in ta mutu a ce wutar lantarki ce.

Ni kaina wani ya ta zuwa yana min ƙarin gas yana karɓar kuɗi, sai da wani dattijo ya zo da ruwan omo ya shafa a mahaɗar bututu kumfa ta tashi, ashe yoyo ne tun farko. Esi lafiyayye baya shanye gas.

Shi yasa lasisin da nake fata ba na Turanci da biro bane, don irin wannan dattijon ƙila ya faɗi a takarda alhali ya fi kowa iyawa. A yi gwajin hannu, da Hausa, a gaban esi na gaske: nemo yoyo, zuƙe iska, faɗi wane gas ne wannan da yadda ake riƙe shi. Kuɗin ya zama wanda yaron shago zai iya biya, ƙungiya ta sa hannu, a bayar da kati mai hoto da lamba, kar kuma ya koma wata hanyar tare mutane a titi ana karɓar haraji. Masu sayar da gas a Sabon Gari su ma a ce sai sun ga katin kafin su cika wa mutum silinda.