Godiya ga waɗanda suka tsaya mana ranar da shafin rajista ya durƙushe

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an rufe rajista lafiya. Mu da ke kula da shafin muna miƙa godiya ga 'yan'uwa masana da suka ajiye ayyukansu suka kawo mana ɗauki tun safiyar da aka buɗe, lokacin da cunkoso ya fi ƙarfin sabarmu ɗaya tilo (kwamfutar da ke ɗauke da shafin), mutane ba sa ganin komai sai saƙon kuskure mai lamba 502 da 504.

Godiya ta farko ga malamin da ya kafa mana manhajar Nginx a ƙofa. Ya tayar da sabar guda uku masu manhaja iri ɗaya, ya ɓoye su a baya, Nginx kaɗai ke fuskantar jama'a. Shi ke karɓar kowace buƙata, ya kwance mata kullin tsaro na HTTPS, ya miƙa ta ga ɗaya daga cikin ukun, kamar ɗan kamasho yana raba fasinja a tasha. Ya ɗaga worker_connections, wato iyakar layukan da kowane ma'aikacin Nginx ke riƙewa lokaci guda, wanda asalinsa 512 ne, domin kowane mai shiga yana cin layi biyu: nasa zuwa Nginx, da na Nginx zuwa sabar baya. Ya kuma ɗaga iyakar fayilolin da Linux ke bari a buɗe lokaci guda, wadda galibi 1024 ce. Kowane layi a matsayin fayil Linux ke ƙirga shi, don haka in ba a taɓa wannan ba, ɗaga na farkon aikin banza ne.

Sai dai ƙara sabar bai kashe wutar ba, kuma a nan ne 'yar'uwarmu injiniya ta cancanci jinjina ta musamman. Kowace sabar a faifanta take ajiye shaidar cewa mutum ya shiga. To, sai mutum ya sa kalmar sirrinsa a ta farko, danna na gaba ya faɗa ta biyu wadda ba ta san shi ba, ta koro shi waje. Maganin gaggawa da aka saba shi ne ip_hash, wanda ke ɗaure kowane adireshin IP ga sabar guda. Da aka gwada shi, sabar ɗaya ta yi ta nishi, biyu suna zaune. Ita ce ta gano dalili. ip_hash kashi uku na farkon adireshin kawai yake dubawa, sannan yawancin masu shiga da datar waya suke zuwa, kamfanonin waya kuwa sukan tara ɗimbin mutane a bayan adireshi kaɗan. Ga shi kuma adireshin kan canza in mutum ya koma wani layin a tsakiyar cike fom. Ta kwashe shaidar shiga zuwa Redis, wani ma'ajin bayanai na daban, inda duka ukun ke karantawa, ta cire ip_hash, ta sa least_conn, wato a tura wa wadda ta fi ƙarancin aiki a hannu. A shafi irin namu ya fi rabon bi-da-bi, don fitar da takardar shaida ta PDF ya fi buɗe shafin farko daɗewa nesa ba kusa ba.

Muna gode wa ɗan'uwan da ya zauna yana karanta bayanan kurakurai layi-layi, aikin da ba kowa ke so ba. Shi ya ga kuskuren 413, mai nufin fayil ya yi girma da yawa, yana maimaituwa: client_max_body_size, wato iyakar girman abin da za a ɗora, megabait 1 ne a asali, hoton wayar zamani kuwa ya wuce haka, sai aka kai shi 5. Shi ya lura hotunan fasfo na ɓacewa saboda suna sauka a faifan sabar ɗaya ana nemansu a wata, aka mayar da su ma'aji guda. Haka kuma manhajar ta fara toshe mutane don tana ganin kowa da adireshin Nginx yake zuwa, har sai da aka sa X-Forwarded-For, bayanin da ke ɗauke da adireshin mai shiga na asali, tana karanta na gaskiya.

Mai kula da rumbun bayanai ma Allah Ya saka. Rumbun namu, PostgreSQL, haɗi 100 yake karɓa lokaci guda in ba a canza ba, sabar uku suka cinye shi nan take. Ya sa PgBouncer a tsakani, manhajar da ke sa a yi amfani da haɗi kaɗan bi-da-bi, magana ta ƙare.

Kafin su watse sun daidaita max_fails zuwa 3 da fail_timeout zuwa daƙiƙa 30, wato sai sabar ta gaza sau uku cikin daƙiƙa 30 kafin a jingine ta, don kada tuntuɓe ɗaya ya sa a jingine lafiyayyar sabar. Sun bar Nginx a kan ɗabi'arsa ta ƙin sake tura buƙatar POST (irin wadda ake aika fom da ita) da ta riga ta isa wata sabar, kuma daidai ne, in ba haka ba mutum ɗaya sai ya samu rajista biyu. An kuma tayar da Nginx na biyu, tare da manhajar Keepalived da za ta miƙa masa adireshin in na farko ya mutu.

Ga ɗalibai, iyaye da masu shagunan intanet da suka yi ta turo mana hoton kuskuren da suka gani, mun gode da haƙurinku, hotunan sun taimaka ƙwarai. Wanda fasfonsa bai bayyana a takardarsa ba ya shiga ya sake ɗorawa, ba sai ya cike sabon fom ba. Allah Ya saka wa kowa da alheri.