Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tsohuwar Bakin Ƙofa

A makon jiya mun tsaya ne inda jirgin ƙasa ya sauke mu a Bolgograd, ƙarshen 1983, mu huɗu da aka turo karatu Tarayyar Sobiyet. Kafin zuwana, in aka ce yaƙin Hitila, ba wanda ke faɗo mini sai Baffa da labaransa na dajin Boma. Ni a zatona can aka yi shi, can aka gama.

Ɓawon burodi ne ya warware mini wannan zato. Wata safiya na jefa guntun da ya bushe a kwandon shara na ɗakin kwanan ɗalibai. Tsohuwar da ke gadin ƙofa, wadda muke kira Babushka, wato Kaka, ta taso ta tsamo shi, ta kaɗe, ta naɗe a hankici. Ba ta yi faɗa ba, amma kallon da ta yi mini gara ma ta mare ni.

Sai bayan harshena ya ɗan nuna da Rashanci ta ba ni labari. Tana 'yar shekara 16 ranar 23 ga Agusta, 1942, da jiragen Jamus suka yi wa garin ruwan bama-bamai, har man da ya tsiyaye daga tankuna ya riƙa ci da wuta a kan kogin Bolga. "Ɗana," in ji ta, "ruwa fa na gani yana ci." Daga nan sai zaman rami, da tsintar ƙonanniyar alkama.

Garin a lokacin Stalingrad ne, sai 1961 aka sauya sunan, amma bakinta bai taɓa karɓar sabon ba. Hitila na kwaɗayin man fetur na yankin Kokasus da ke kudu da garin, ga kuma gari mai sunan abokin gabarsa. Shi ko Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, tun a Yuli ya kafa doka cewa soja ba ja da baya, ko taku ɗaya. Masu taurin kai biyu suka haɗu, talaka ya zama ciyawa. Wannan ra'ayina ne, kuma a wancan zamani a ciki na bar shi.

Ranar 19 ga Nuwamba Rashawa suka fasa ta gefe, inda sojan Romaniya, abokan ƙawancen Jamus, ke tsaro, cikin kwana biyar suka yi wa runduna ta shida ta Jamus zobe. Hitila ya hana kwamandan rundunar, Janar Paulus, fita, ya ƙara masa girma zuwa fil mashal, wai ko ya kashe kansa maimakon ya bari a kama shi. Mutumin ya miƙa wuya ranar 31 ga Janairu, 1943, a ƙarƙashin wani kanti da ni kaina na sha sayen safa a cikinsa. Fursuna kimanin 91,000 aka kama, waɗanda suka sake ganin gida ba su wuce 6,000 ba.

Wata Lahadi Babushka ta ja ni tsaunin Mamayeb, wurin tunawa da yaƙin. Matakala 200 ce, kowace ɗaya madadin kwana guda na yaƙin Stalingrad, a sama ga gunkin mace riƙe da takobi, tsawonsa mita 85. Ina haki, ita ko a jikinta. A gefen hanya ta tsaya, ta warware hankicin nan, ta marmasa wa tsuntsaye burodin.

Daren nan na zauna rubuta wa Baffa wasiƙa. Amsar da ya aiko, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.