Daren da na yi wa yara fassarar Kung Fu Panda

Washegarin ƙaramar sallah ne, bayan sallar isha'i. 'Ya'yana uku da na ƙanwata biyu suka baje a kan tabarma a tsakar gida, ni kuma na kifa turmi na ɗora kwamfuta a kai. Kung Fu Panda na kunna musu, fim ɗin zane na kamfanin DreamWorks da ya fito a 2008. Da Turanci ake magana a ciki, babbarsu kuwa aji huɗu take a firamare, don haka na ce ni zan riƙa fassara musu, irin yadda ake yi wa finafinan Indiya a Kano.

Da farko duk jimlar da aka faɗa sai na tsayar da fim na mayar da ita Hausa. Ba a yi minti goma ba ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, don Allah ka bar shi ya tafi mana." Daga nan na daina tsayarwa, na koma jefa magana gajeriya a tsakanin maganganunsu.

Sunaye suka fi ba ni aiki. Po, panda mai ƙaton tumbi da ke taya babansa sayar da taliya, bai buƙaci bayani ba. Shifu, mai koyar da kung fu, na sa masa suna Malam, don ma'anar kalmar ke nan a yaren Sin. Jaruman nan biyar, damisa da biri da gauraka da macijiya da ƙoƙi-ƙoƙi, na gaya musu kowannensu salon faɗa ne da ake koyarwa da gaske a ƙasar Sin, wanda aka kwaikwayo daga motsin dabbar. Curin fulawar nan da Po yake mutuwar so kuwa na sa masa suna ɗanwake, har yau haka ake ce masa a gidanmu.

Wurin da Malam ya gane cewa da abinci kaɗai zai iya horar da Po, suka shiga kokawar ƙwace ɗanwake ɗaya da tsinken cin abinci, nan na ja bakina na yi shiru. A nan ne kuma suka fi shan dariya, har mahaifiyarsu ta fito daga ɗaki da ludayi a hannu. A ranar na fahimci rabin barkwancin irin wannan fim a jiki yake, a faɗuwa da zare ido da haki a kan matakala. Mai fassara in ya cika surutu, shi ke kashe shi.

Da Po ya buɗe takardar sirrin da kowa yake ta hanƙoro ya tarar babu rubutu ko ɗaya, babbar ta juyo ta ce, "Baba, yaudararsa aka yi ke nan?" Bayani ya zo mini har bakin harshe, na haɗiye. Can da baban Po ya shaida masa cewa miyar taliyarsa ba ta da wani sinadari na ɓoye, Po ya sake duban takardar ya ga fuskarsa tana ƙyalli a ciki, sai ta ce da kanta, "Ashe kansa yake gani!" Da na riga ta faɗa, da na ƙwace mata wannan.

Ɗana na biyu yana da jiki, kuma na san ana tsokanarsa a makaranta. Lokacin da Tai Lung, mugun fim ɗin, ya kai wa Po bugun jijiya, kitse ya tare, abin ya zame masa cakulkuli, na saci kallon yaron. Ya miƙe a kan gwiwoyinsa, hannunsa a kan cikinsa, bakinsa har kunne.

Akwai abu biyu da ban yi tanadinsu ba. Fitar Tai Lung daga kurkuku, inda karkanda dubu ke gadinsa shi kaɗai, ta tsorata autarmu mai shekara huɗu, a bayan mahaifiyarta ta ƙarasa kallon. Da safe kuma gida ya koma filin kung fu, aka tashi da fasasshen tulu da ƙulu a goshin ɗan ƙanwata.

Shi ya sa kashi na biyu, na 2011, ni kaɗai na fara kallonsa. Na tarar labarin rabuwar Po da mahaifiyarsa ya yi wa auta nauyi, sai na bari ta yi barci tukuna, na ja wa mazan kunne a kan tsalle-tsalle, sannan na sake kifa turmin.